Agogon da Mama Ta Kwance

Shekarun baya, lokacin gashin kaina bai fara ja da baya ba, yayana ya dawo daga wani kwas a Abuja da kaya biyu da suka hana mu sakat. Ɗaya kwamfuta ce ta tafi-da-gidanka, siririya, ta hannu ce amma tana ƙyalli. Ɗayan kuma agogon zamani ne baƙi, irin wanda ke ƙirga takun mutum yana gaya masa yadda zuciyarsa ke bugawa. Yayana malamin gona ne, yana aiki da wata ƙungiya da ke bin manoma a Danko da Wasagu da ƙauyukan da ke tsakani. Tun muna yara shi mayen na'ura ne. Sau uku yana kwance rediyon mahaifinmu don ya ga masu maganar da ke ciki, sau uku yana shan bel.

Abin da ya fi burge shi a kayan nan shi ne ba ya buƙatar rubuta kalmar sirri. Muddin agogon na ɗaure a hannunsa, da ya ɗaga murfin kwamfutar sai agogon ya ɗan girgiza, ta buɗe da kanta. Sai ya fita tsakar gida ya ce, "Auta, gwada mana." In ɗaga murfin, ta tsare ni da wani ɗan akwati tana jiran in rubuta abin da ban sani ba. Sai ya shigo yana taku ɗai-ɗai, ya rufe, ya sake ɗagawa, ta buɗe, ya kama dariya har da riƙe ciki. Ya yi mini haka ya fi sau ashirin, kuma duk sau ashirin ɗin na gwada. Ni da digirina.

Matarsa ma haka take yi. In tana son kallon fim sai ta ƙwala masa kira, ya zo ya tsaya kusa, ta buɗe, ya koma abin da yake yi. Ba ɓoye mata kalmar sirrin ya yi ba. Ita ba ta taɓa tambaya ba, shi kuma bai taɓa tunanin faɗa ba, tunda kullum yana nan.

Sai na gaya muku abin da ke cikin kwamfutar kafin ku gane sauran.

Mahaifinmu tsohon soja ne, kamar iyayen rabin yaran Zuru. A matsayin saje ya yi ritaya, kuma Saje kowa ke kiransa, har mahaifiyata. Ba mai magana ba ne. Mun tashi a bariki mun fi sanin tarinsa da ƙarar takalminsa fiye da hirarsa. Amma a shekararsa ta ƙarshe, da ciwon suga ya taɓa masa ido ya zaunar da shi wuri ɗaya, sai bakinsa ya buɗe. Yayana ne ya lura. Ya riƙa zuwa da yamma yana ajiye waya a kan tabarma kusa da shi, yana jan sa da tambaya. Wata huɗu yana ɗaukar muryarsa: sunayen kakanninmu, yadda gidanmu ya sauko daga kan dutse ya zauna a Dabai, garuruwan da ya yi aiki, abokan da ya binne. Rabi da Hausa, rabi da Dakarci. Ni goyon bariki ne, ina jin Dakarci amma in na buɗe baki tsofaffi dariya suke yi. Yayana kuwa a Dabai ya yi farkon ƙuruciyarsa wurin kakarmu, shi ya sa Baba ya sake da shi.

A cikin duk abin da ya ɗauka akwai wani guntu da bai kai minti huɗu ba. Kafin Baba ya shiga soja ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da yake so, damina bayan damina, shi da abokansa, kafin a ba shi ita. Shekara bakwai ya yi a gonar kakanmu na wajen uwa. A lokacin ne ya haɗa wata 'yar waƙa da yake yi in ya hango Mama tafe da ƙwaryar kunu. Waƙar tsokana ce, wai ƙafafunta gajeru ne shi ya sa kunun ke isowa gona da sanyi. Babu ɗaya daga cikinmu da ya san da ita. Yayana ya ce suna cikin labari kawai tsohon ya ɗauko ta, da muryarsa da ta gaji, ya yi tari a tsakiya, ya yi dariya, ya ƙarasa. Mama tana bakin murhu ta ɗaga murya ta ce, "Ƙarya yake yi, da gudu nake zuwa!" Wannan ma ya shiga.

Bayan rasuwar Baba sai abin ya zama na kowace Lahadi. Mama ta fito daga coci, ta biya gidan yayana, ta ci abinci, ta wanke hannu, ta ce, "Babba, kunna mini Saje." Haka take kiran yayana, Babba. Ya ɗauko kwamfutar ya ɗora a kan tebur, ita kuma ta gyara zama a kujerar roba ta ɗora hannaye a gwiwa. Ba ta kuka. Wani lokaci ma musu take yi da shi, tsohon na cikin labari ta ce, "A'a, ba haka anka yi ba." A ƙarshe ta sa a maimaita mata waƙar sau biyu, ta gyara ɗankwali, ta tafi gida da ƙarfinta. Shekara biyu ana haka.

Wayar da aka yi ɗaukar da ita ta faɗa rafi wata damina a hanyar Wasagu, ba ta sake tashi ba. Ajiyar intanet kuwa yayana ya kashe ta tun farko, wai tana shanye masa data. Saboda haka muryar Baba a wuri ɗaya tak take a duk duniya, cikin kwamfutar nan da ya zuba ta. Shi ma ya san haka. Ya ce mini, "Auta, samo filash in zuba maka, bai kamata abin nan ya zauna wuri ɗaya ba." Na saya a ranar. Na maƙala shi a makullin babur ɗina don kada in manta. Wata takwas yana lilo a wurin. In na je gidan sai hira ta ɗauke mu, ko abinci ya sauka, ko a ce ba wuta, in ce to sai wani zuwan. Duk wanda ya san ni ya san ni da gobe.

Ranar wata Talata ce cikin kaka, ana yankan dawa. Wajen ƙarfe tara na safe matar yayana ta kira ni, muryarta ba ta fita sosai. Ya faɗi a tsakar gida yana ɗaure igiyar takalmi. Kafin in isa maƙwabta sun kai shi asibiti. Likita ya ja ni gefe ya ce hawan jini ne, jijiya ta fashe a kansa, ɓarin hagu ya tafi, kuma a yadda yake ba zai jure hanyar Sakkwato ba sai ya ɗan daidaita. Na shiga na gan shi. Idonsa a rufe, numfashinsa na fita da ƙara, an sa masa ƙarin ruwa a hannun dama. Agogon yana hannun hagu, babu wanda ya taɓa shi.

Da azahar wayata ta yi ƙara. Abokin yayana ne, wani Bakabe mai gyaran waya da kwamfuta kusa da tasha, wanda suke raba dare da rana suna maganar na'ura. Ya tambayi jiki, na gaya masa abin da likita ya ce. Sai ya ce, "Ka yi haƙuri da abin da za ni hwaɗi. Agogon na hannu nai?"

Na ce yana nan.

"To ji nan. Kar ka bari a hidda shi. In anka hidda shi daga hannu, ya kulle ke nan, sai da lamba, kuma ba mu san lambar ba. Batir nai ko ba ya kai gobe da sahe. Tahi gida ka ɗauko kwamfutar, kar ka kashe ta, kar ka taɓa komi. Ka kai ta kusa da shi ka ɗaga murhi, za ta buɗe. Minti goma sun ishe ka ka kwashe maganar tsoho."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wato ka riga ka kashe shi ke nan?"

Ya ce, "Allah Ya ba shi lahiya ya tashi ya zage ni. Ni dai na hwaɗa maka."

Na kashe wayar ina huci. Na yi minti ashirin a ƙarƙashin wani dalbejiya a harabar asibitin ina zaginsa a zuci, sannan na hau babur na tafi gidan, don na san gaskiya ya faɗa. Kwamfutar tana kan tebur a rufe, kusa da kofin shayin da bai ƙarasa ba. Na sa ta a jakarsa ta aiki. Gidan yayana ne, na fi shekara goma ina shiga ba sallama, amma ranar sai da na leƙa hagu da dama kafin in fito.

Da na dawo ɗakin ya cika. Matan zumunta na cocinsu Mama sun zo su shida. Goggonmu, ƙanwar Baba, wadda Musulma ce, tana zaune a ƙasa da carbinta. Mama tana kan benci daidai kansa. Ta dubi jakar ta ce, "Mi ke ciki?"

Na ce, "Kayan sawarsa ne, Mama."

"Aje can."

Na ajiye a gindin bango, na tsaya kusa da ita.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce me ya hana ka buɗe jaka ka yi abin da ya kawo ka. A wurinmu ba a taɓa kayan mutum yana kwance yana numfashi. Ko kalmar "idan" ba a furtawa a gabansa. Akwai wani ɗan kawunmu da ya ɗauki makullin babur ɗin ubansa uban na jinya, don ya kai shi gyara ma ya ce. Uban ya rasu a makon. Har yau in aka ambaci sunansa a dangi sai wani ya ambaci makullin. To ni ga ni da kwamfutar yayana, zan durƙusa gefen gadonsa a gaban uwarsa da matarsa da matan coci, in yi amfani da hannunsa da ya mutu in buɗe ta, in kwashe abin da ke ciki. Ko ban ce komai ba, kowa a ɗakin zai ji abin da nake nufi: wannan ba zai tashi ba.

Sai na yi dabara irin tawa. Na ce a raina bari matan su gama, Mama za ta raka su bakin ƙofa, a nan zan samu minti gomana ba wanda ya gani. Na jingina da bango ina kallon agogon. Duk lokacin da nas ta zo ta motsa shi sai fuskar agogon ta kawo haske, in ji sanyi a raina. Matan suka yi waƙa a hankali, suka yi addu'a ɗaya bayan ɗaya, goggo ta yi tata ta tofa masa. Wasu suka tafi, wasu suka shigo. La'asar ta yi ta wuce ina tsaye.

Can sai Mama ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan gwangwani na man kaɗanya. Da shi ta yi jinyar Baba, da shi ta yi jinyar kowannenmu. Ta ɗauki hannunsa na hagu ta ɗora a cinyarta, ta fara murza yatsun ɗaya bayan ɗaya tana yi masa magana da Dakarci ƙasa-ƙasa. Ta gama yatsu, ta hau tafin hannu, ta iso wuyan hannu. Sai ta tsaya.

"Dubi yadda abin ga ya matse mai hannu," ta ce. "Ina jini zai bi?"

Ta fara laluben maɗaurin. Ba irin wanda ta saba da shi ba ne, ta juya shi nan, ta juya can, man ya sa yatsunta na zamewa. Na ji ƙafafuna sun matsa da kansu. Na ce, "Mama, ki bar shi mana."

Ta ɗago ta dube ni. Matan ma suka dube ni.

"Don mi?"

Wallahi amsar tana bakina. Jimla biyu ce kawai. Na dubi idonta, ya kumbura amma babu alamar ta fid da rai ko kaɗan, ita aiki take yi, ɗanta take tayarwa. Na dubi goggo, na dubi matan. Na ji bakina ya ce, "Ba komai."

Ta koma kan maɗaurin. Ya ɓalle. Ta goge agogon da gefen zaninta ta miƙo mini ta ce, "Riƙe mai. In ya tashi ka ba shi." Ta ci gaba da shafa mai a inda maɗaurin ya bar sawu.

Ba a yi minti goma sha biyar ba matan suka miƙe, Mama da goggo suka raka su, daidai yadda na tsara. Na gaya wa matar yayana abin da ake ciki a gurguje, ta tsaya a bakin ƙofa tana dubawa. Na mayar masa da agogon, na ɗaure shi da kyau, na fito da kwamfutar na ɗora a gefen gadon na ɗaga murfi. Ɗan akwatin nan ya fito yana jira. Na dubi agogon, shi ma lambobi ya jero mini, daga sifili zuwa tara. Na rufe na sake ɗagawa. Na matso da ita har ta taɓa hannunsa. Na ce, "Yaya, don Allah." Ban san abin da nake roƙonsa ba. Matarsa ta ce, "Ga su nan dawowa." Na kwance agogon na mayar da komai cikin jaka.

Ranar Juma'a da safe ya cika, bai farfaɗo ba ko sau ɗaya. A Dabai muka binne shi, kusa da Baba.

Bayan an watse daga zaman makoki muka zauna ni da matarsa da takarda da biro. Muka gwada ranar haihuwarsa, da tata, da ta 'yarsu, da ranar aurensu. Muka gwada lambar sojan Baba, wadda dukkanmu muka haddace tun muna yara. Muka gwada sunan kakarmu, da sunan karen da ya taɓa kiwo, da manyan baƙaƙe da ƙanana. Kwamfutar ta fara sa mu jira, minti ɗaya, minti biyar, har awa. Agogon kuwa abokinsa ya ce mu daina taɓa shi, in muka cika kuskure zai goge kansa. Muka zazzage littattafansa na aiki shafi-shafi ko ya rubuta a wani wuri. Sunayen manoma muka samu, da irin takin da kowa ya karɓa, da zanen wata gona a Danko.

Na kai ta Sakkwato, na kai ta Kaduna. Duk inda na je magana ɗaya ce: za su iya wanke ta ta koma sabuwa in yi amfani da abata, amma abin da ke ciki a ƙulle yake, in ba kalmar ba babu hanya. Wani ma ya yaba mini ita, ya ce ai tsaronta ke nan, ko ɓarawo ya sace ba abin da zai samu. Na ce masa na gode.

Lahadi ta huɗu bayan rasuwar, Mama ta biya gidan kamar yadda ta saba. Ta ci abinci kaɗan, ta wanke hannu, ta dube ni. Kafin ta yi magana na ce, "Ta ɗan samu matsala, Mama, tana wurin gyara." Ta ce to. Bayan mako biyu ta sake tambaya, na ce ana jiran wani abu daga Legas. Haka na yi ta ja da ita har wata biyar. Ban taɓa sanin na iya ƙarya haka ba. Kowace Lahadi da sabuwar ƙaryar da nake zuwa da ita, kuma kowace Lahadi in na koma gida ba na iya cin abinci.

Abokin yayana ne ya fasa ƙwan, ba da niyya ba. Ya je gaishe ta, ta tambaye shi yaushe zai gama gyaran, tunda ta san shi ne mai gyara. Shi kuma bai san abin da nake gaya mata ba, ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da maganar agogo. Ya kira ni daga baya yana ba ni haƙuri. Na ce ba laifinsa ba ne.

Washegari da yamma na je. Ana gab da faɗuwar ruwan farko, na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri a faranti. Na gaishe ta, ta amsa, ta turo mini kujera da ƙafa. Na ɗebi gyaɗar na fara taya ta.

Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Auta, da ban hidda agogon nan ba, da ta buɗe?"

Na riga na shirya amsa tun a hanya. Na ce, "A'a Mama. Batirinsa ya riga ya mutu tun da rana. Ko kin bar shi ba abin da zai yi."

Ta ɓare ƙwaya biyu ta jefa a faranti. Ta ce, "Yana haske lokacin da na kwance shi. A tahin hannuna ya yi haske, na gani."

Na sunkuyar da kai kan gyaɗar da ke hannuna.

"Jakkar da ka shigo da ita, ita ce ciki?"

"Ita ce."

"Tun kafin la'asar kana tsaye da ita."

"E."

"Na tambaye ka don mi. Mi ya hana ka hwaɗi?"

Na ce, "Na ji tsoron ki ce na fid da rai da shi. Na ji tsoron abin da mutane za su ce."

Ta ajiye farantin a ƙasa. Ta kakkaɓe zaninta a hankali, sannan ta dube ni sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi mini ba.

"Da na ce hakan," ta ce. "Da na zage ka gaban matan nan, ƙila ma in mare ka. Da na yi wata guda ban amsa gaisuwarka ba." Ta ɗan tsaya. "Wata guda ai ba komi ba ne, auta."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da ɓara. Ni ne na yi kukan, ƙato da ni, da ɓawon gyaɗa a hannu, har sai da ta ce in tashi in wanke fuska kada maƙwabta su ɗauka wani ne kuma ya mutu.

Na daɗe ina jin haushin agogon, da wanda ya ƙera shi, da yayana da bai rubuta kalma ɗaya a takarda ya ba matarsa ba. Yanzu na daina. Na'urar ta yi abin da aka ce ta yi ne, ta tsare kayan mai ita daga duk wanda ba shi ba, kuma mu ba shi ba ne. Yayana kuwa bai kai arba'in da biyar ba, wa ke shirya irin wannan yana ɗaure takalmi zai fita aiki? In akwai abin da zan ce muku, ku da ke karanta ni a nan, bai wuce abin da kuka riga kuka sani ba: abin da ba shi da na biyu ku yi masa na biyu yau, kuma a samu mutum ɗaya a gidanku da ya san yadda ake buɗe kayanku in ba kwa nan. Ni ma na sani a lokacin.

Abin da ya fi ci mini rai daban ne. Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa don in kare zuciyar Mama na yi shiru ranar nan. Ba gaskiya ba ne. Fuskata nake karewa. Ban so a riƙa ambaton sunana a dangi ana haɗawa da kwamfuta ba, kuma na samu abin da nake so, har yau kowa yana cewa auta ya yi ƙoƙari a jinyar ɗan'uwansa. Muryar Baba kuwa ta fara ɓace mini. Ina tuna abin da ya faɗa, amma in na nemi yadda ya faɗe shi sai in ji tawa muryar.

Mama ta rayu shekara uku bayan wannan hirar. Ba ta sake tayar mini da maganar ba, ba ta canja mini fuska ba, kuma na ɗauka ta ɗora laifin inda ya dace, wato a kaina, ta yafe. Sai bayan mun binne ta matar yayana, wadda ta yi jinyarta, ta gaya mini. Ta ce a watanninta na ƙarshe Mama takan zauna ta yi ta kallon hannunta na dama, tana juya shi. Wata rana ta tambaye ta ko ciwo yake yi mata. Mama ta ce a'a. Ta ce, "Yaron nan ya ce in bar shi. Ni ce ban ji ba."